Yadda kulob ɗinku zai yi aikin gayya da 'yan lise a Damagaram, aikin kuma ya ɗore

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina cikin wani ƙaramin kulob na taimakon al'umma a nan Zinder, wato Damagaram ta Nijar, yau shekara shida kenan, ba mu da yawa, mu ashirin da 'yan kai ne, akwai 'yan kasuwa akwai malaman lakwal akwai ma'aikatan lafiya biyu da tela ɗaya, kuma tun shekararmu ta farko muke fita aiki tare da ɗaliban lise, wato babbar sakandare. Kusan duk wata sai wani ya tare ni yace dan Allah ya kuke yi ne yaran nan suke fito muku, mu mun gwada sau ɗaya abin ya watse. Toh shi ne nace bari in zauna in rubuta komai yadda muke yi yanzu, har da inda muka yi tuntuɓe.

Da tuntuɓen ma zan fara. Shekarar farko mun samo dashe 150, muka tara yara sama da sittin ranar 3 ga watan Agusta tunda ita ce ranar dashen itace a ƙasarmu, muka dasa su a filin wata makaranta, aka yi hoto aka sa a Facebook kowa na ta sa albarka. Da aka koma lakwal a watan Oktoba na shiga filin nan na ƙirga da kaina, tara ne suka rage. Awaki sun cinye mafi yawa tun cikin hutu don ba mu yi musu shinge ba, sauran kuma da ruwan sama ya ɗauke ba wanda aka ce shi ne zai ba su ruwa. Wallahi ba asarar itacen ta fi ƙona min rai ba, wata yarinya ce 'yar sagond, ajin farko na lise, da ta haƙa rami uku da hannunta ta same ni a bakin aji tace "Tonton, ina itatuwana?" ban samu abin da zan ce mata ba. Tun daga ranar na gane mu ba aiki muka yi da yaran ba, aron hannunsu muka yi na yini ɗaya muka sallame su. Duk abin da zan faɗa a ƙasa daga nan ya taso, in kuna son aiki ya rayu to ɗalibai su zama masu aikin tun daga zaɓensa har kula da shi, ku manya ku tsaya musu a baya.

Kuma abin ba baƙo ba ne a wurinmu. Gayya ai gadonmu ce, iyayenmu da ita suke noma da yaɓen gida, waɗanda suka yi wayo zamanin shugaba Kunce kuwa sun ga yadda ƙungiyar matasa ta samariya take gina ajujuwa da share unguwa. Manyan kulob na duniya ma da suka daɗe a harkar, Rotary da aka kafa a Shikago ta Amurka a 1905 da Lions a 1917, duk sai da suka buɗe wa matasa nasu reshe, Leo ta Lions ta fara a 1957, Interact ta Rotary kuma a 1962 don yara 'yan shekara 12 zuwa 18, kuma abin da nake so ku lura da shi a tsarinsu shi ne yaran ne ke zaɓen shugabansu da ma'ajinsu, babba mai ba da shawara ne kawai. Ko kulob ɗinku na unguwa ne da ba shi da wata uwa a waje, wannan tsarin za ku iya ɗauka kyauta.

Mataki na farko, ku zauna ku kaɗai tukuna

Kafin ku taka ƙofar kowace makaranta ku yi zama a tsakaninku ku faɗa wa juna gaskiya, nawa ne a asusu, mutum nawa ne za su iya fitowa da safe ba wai su turo gaisuwa ta WhatsApp ba, kuma wata nawa za ku iya bin aikin. Ku fitar da mutum biyu, namiji da mace, su ne fuskar kulob a makarantar daga farko har ƙarshe. Macen nan dole ce, in babu ita iyaye da yawa ba za su bar 'ya'yansu mata ba kuma suna da gaskiya. Makaranta ɗaya ta ishe ku a shekarar farko, kar zumuɗi ya sa ku ce za ku haɗa lise uku.

Mataki na biyu, ƙofofin da za ku ƙwanƙwasa

Nan ne mutane da yawa suke faɗuwa don suna ganin tunda alheri za su yi ba sai sun nemi izini ba. Ku rubuta wasiƙa da faransanci da sunan kulob da hatiminsa, gajera, me kuke so ku yi, da aji nawa, wace rana, wa zai biya, ku kai wa shugaban makaranta hannu da hannu kar ku aika yaro. Ku je da safe ku gaisa da kyau, ku ce Mushe mun zo ne mu ji ko akwai abin da za mu iya kamawa tare da ɗalibanku, kar ku shiga kuna lissafa masa abin da ya lalace a makarantarsa, ya fi ku sani. In yace sai kun bi ta ofishin ilimi na jaha ko wurin sufeto to ku bi, wata takarda ce guda da za ta rufa muku asiri ranar da wani abu ya faru. Ku roƙe shi ya ba ku malami ɗaya mai son abin, sau da yawa malamin SVT, wato kimiyyar halittu da ƙasa, ko na wasanni ne ya fi dacewa, sannan ku gaisa da sirbeyan, mai kula da ladabtar ɗalibai, don shi ne ya san kowane yaro da halinsa.

Daga nan sai COGES, kwamitin kula da makaranta, da ƙungiyar iyayen yara, in suna da taro ku nemi minti goma ku yi bayani da Hausa. In aikin zai fita wajen katangar makaranta kuwa to mai unguwa ne farko, ku je gidansa da yamma bayan la'asar ku zauna a tabarma, ranka ya daɗe mun zo da yaranka ne za su share magudanar ruwa muna neman albarka da shawara, za ku sha mamakin yadda zai buɗe muku hanya, shi zai gaya wa liman a sanar a masallaci, shi zai ce muku gidan wane akwai baro gidan wane akwai amalanke. Sai meri, ma'aikatar magajin gari, birnin nan an raba shi gunduma biyar ne, ku san wadda kuke ciki ku je sashen tsabta nata.

Akwai mutum ɗaya da ba ya cikin kowace takarda amma in ba ku same shi ba aikinku a cikin makaranta ba ya zuwa ko ina, Baba mai gadi. Shi ke kwana a wurin, shi ya san ta inda awaki ke shigowa, makullin famfo a hannunsa yake. Ku gaishe shi da girmamawa ku tambaye shi shawara tun kafin ku haƙa rami ko ɗaya. Namu ne ya nuna mana cewa inda muka so mu dasa a shekara ta biyu dutse ne a ƙasa, kun san dai ƙasar Zinder, taku biyu ka ci karo da fa, ya kai mu bayan ajujuwa inda ruwan rufi yake zuba.

Dan Allah siyasa ku bar ta a gida. Ba hula ba riga ba hoton kowa, ko wanda ya ba ku gudummawa ɗan siyasa ne ku karɓa da sharaɗin ba za a ɗaga sunansa a gaban yaran mutane ba.

Mataki na uku, waɗanne ɗalibai, da yardar wa

'Yan sagond da faramiyar, aji biyun farko na lise, su ne naku. 'Yan tarminal, ajin ƙarshe, jarabawar BAC na gabansu, 'yan tirwazyam da ba su kai lise ba kuma jarabawar BEPC, ku ƙyale su su yi karatu, in sun zo da kansu rana ɗaya madalla amma kar ku ɗora musu nauyi. Wani amfanin ɗan sagond shi ne yana da sauran shekara biyu a makarantar, zai ga itacensa ya wuce tsawonsa. Kar ku bari a ce aji kaza duka dole su fito, yaron da aka tilasta wa zai riƙe tsintsiya ne yana kallon agogo. Ku shiga aji ku yi bayani, wanda yake so ya rubuta sunansa wurin shef ɗin aji. Ashirin zuwa talatin sun isa, kuma kar ku tsinci masu ƙoƙarin karatu kaɗai, yaron nan na bencin baya da kowa ke kuka da shi sau da yawa shi ne zai fi kowa riƙe shebur, na gani da idona ba sau ɗaya ba.

Kowane yaro ya tafi gida da 'yar takarda, faransanci a sama Hausa a ƙasa, ranar aiki, wurin, ƙarfe nawa za a fara ƙarfe nawa za a tashi, da lambar mutum biyun nan naku, uba ko uwa su sa hannu ko su kira. Wanda bai kawo ba ba ya fita, ko ya yi rantsuwa. In wani uba ya hana 'yarsa kar ku yi gardama ta bakin yarinyar, macen kulob ta je gidan ta gaisa da uwar, ta ce Hajiya ni ce zan kasance da su kuma kafin azahar tana gida, in sun yarda to, in ba su yarda ba a bar su da mutunci.

Zan faɗi wata magana a fili don ba ta son kwana-kwana. Ba wani babba a kulob da zai keɓe da ɗaliba ko ɗalibi, ba kiran dare, ba saƙo ta gefe, ba "zo in rage miki hanya a moto". Duk magana a gurup ɗaya da malamin makarantar yake ciki. Ku faɗi wannan a zamanku na farko kowa ya ji, wanda ya karya ku cire shi ko shi ne ya fi kowa ba da kuɗi. Amana ce aka ba ku ta 'ya'yan mutane.

Mataki na huɗu, su ne za su zaɓi aikin

Wannan shi ne zuciyar abin. Ku tara su a inuwa su zaɓi shugaba da mataimaki, in shugaba namiji ne mataimakiya mace ko akasin haka, da mai rubutu da mai riƙe kaye na lissafi. Sai ku raba su biyar-biyar ku ce su zagaya makaranta da layukan da ke kewaye da ita na awa ɗaya, kowane rukuni ya dawo da abu uku da ke damunsa. Ku kuma ku yi shiru ku saurara, yin shirun nan ya fi komai wuya ga babba. Mu da muka yi haka a shekara ta biyu duk tunaninmu a kan fenti yake, sai 'yan matan suka ce su abin da ya dame su makewayi ne, ƙofa biyu sun ɓalle babu buta babu ruwa, wasu har gida suke komawa tsakiyar karatu ba su dawo ba. Mu manya maza da shekara goma za mu yi muna shiga makarantar ba mu san wannan ba. Kafinta ɗaya, pata huɗu, sakata, randa da butoci, an gama cikin yini biyu, kuma har yau ban ga aikin da muka yi da ya kai shi amfani ba.

In sun kawo abubuwan sai ku auna kowanne da tambaya uku, za mu iya gama shi da kuɗin da ke hannu, yaro zai iya yinsa ba tare da haɗari ba, kuma wa zai kula da shi bayan mun tafi. Abin da ba shi da amsar ta ukun ku ajiye shi ko ya kai kyau.

Mataki na biyar, lokaci

Ku ɗauki kalandar makaranta ku ɗora a kan ta Allah. Oktoba ana ta hidimar komawa, Nuwamba zuwa Fabrairu shi ne lokacinku na zinariya, gari da sanyi yara ba su shiga zafin jarabawa ba, gyaran tebur da benci, fentin tablo, share fili, karatu da ƙananan yara na firamare duk a nan. Afrilu da Mayu rana na wuce digiri 40, kar ku sa yaro aikin ƙarfi sai dai ban ruwa da sassafe. Yashe magudanar ruwa ƙarshen Mayu zuwa farkon Yuni kafin ruwa ya sauka amma ku kauce wa satin jarabawar kompozisiyo. Dashe kuma sai damina ta zauna, Yuli zuwa farkon Agusta, wato cikin hutu, shi ya sa tun kafin a rufe makaranta za ku ware yaran da gidajensu ke kusa kuma ba sa tafiya ƙauye noma. Azumi ku huta ko ku koma aiki mara nauyi. Ranar Alhamis ma ku guje ta in kuna sa ran 'yan kasuwar kulob, ranar cin kasuwar Dole ce ba za ku gan su ba. Lahadi da safe ta fi yi mana, ƙarfe 7 zuwa 10 da rabi, amma ku tambayi yaran lokacin islamiyyarsu tukuna.

Mataki na shida, yadda ake yin aikin kansa

In dashe ne, fara da lissafin ruwa kafin lissafin itace, don a Damagaram kowa ya san abin da ruwa yake, sai famfo ya yi kwanaki bai ɗiga ba mutane na bin 'yan ga-ruwa. Ka ce kowane dashe lita 5 duk bayan kwana biyu in rani ya shiga, dashe 30 lita 150 kenan, jarka shida ta lita 25. Za ku iya samun jarka shida duk kwana biyu daga Oktoba har Yuni? In eh, ku dasa 30. In a'a ku dasa 15. Ashirin masu rai sun fi ɗari biyu a hoto. Ku je wurin ma'aikatan gandun daji su ba ku shawara da dashe, dogon yaro ya fi jure wahala kuma yana saurin ba da inuwa, aduwa da magarya da gawo namu ne na gida sun san ƙasar, zogala kuma in akwai katanga don awaki ba sa raga mata. Mangwaro kowa na so amma in ba ku da ruwa tabbatacce ku haƙura. Rami kamar kamu ɗaya faɗi kamu ɗaya zurfi, a haɗa ƙasar da busasshen taki ba ɗanye ba, a yanke ledar da reza a cire ta gaba ɗaya ba tare da ƙasar saiwar ta wargaje ba, a dasa a danna, a yi masa 'yar kwano a gindi da za ta riƙe ruwa. Shingen kuwa ranar za a yi shi ba gobe ba, ƙaya ko tubali a jera da 'yan ƙofofi ko waya in akwai hali, akuya ba ta jiran ku yi taro.

Sai kowane itace ya samu mai shi. Yaro biyu itace ɗaya, a rubuta sunansu a kaye da lambar itacen, in ɗaya ba shi da lafiya ɗayan na nan. Wata dabara da wani yaro ɗan Garin Malam ya kawo mana, mu dasa kusa da inda ake alwala a ja 'yar hanya ruwan ya gangara gindinsu, huɗun da muka dasa a wurin ba mu taɓa saya musu ruwa ba kuma sun fi sauran girma. Wasu kuma gorar roba suke hudawa da allura su binne ta a gefen saiwa su cika, ruwan na tsatsa a hankali rana ba ta shanye shi.

In yashe magudana ne to a nan ku buɗe ido sosai. Duk wanda ya ga daminar 2024, da tsohon masallacin Birni da ya haura shekara ɗari da hamsin ya rushe a watan Satumba, da gidajen ƙasa da suka zube a unguwanni, ba sai an yi masa wa'azi a kan hanyar ruwa ba. Amma cikin kwatar nan akwai fasasshen kwalba akwai allura akwai tsatsattsen ƙarfe akwai kunama. Shiga ciki aikin manya ne masu takalmin roba da safar hannu mai kauri, ɗalibai suna sama da rato da baro da tsintsiya da takunkumi a hanci, ba silifa, ba hannu tsirara. Tafki kuwa ko kusa kar yaro ya sa ƙafa, ga zurfi ga tsargiya. Kuma kar ku fara sai kun san abin da zai kwashe sharar a ranar, motar meri ko amalanke uku da kuka riga kuka yi ciniki da su da inda za a zubar, in kuka tara ta a bakin kwata kuka tafi iska da ruwan farko za su mayar da ita inda kuka ciro ta, masu gidajen wurin kuma su tsane ku. Leda kar a ƙona ta kusa da yara, hayaƙinta guba ne. Ƙasarmu ta yi dokar hana ledar nan tun 2014 amma ga ta nan a kan kowace ƙaya, to ko ba komai ku kar ku ƙara, ruwan sha ku kawo a randa ko babbar kula da kofuna.

Ku gayyaci 'yan fadar layin. Samarin nan da ke zaune suna dafa shayi in kuka wuce su kamar ba ku gan su ba za su zuba muku ido ne kawai, in kuka je kwana biyu kafin nan kuka gaisa kuka ce muna buƙatar ƙarfinku, su za su shiga kwatar, kuma bayan kun tafi su ne za su hana a sake zuba shara a wurin don sun sha wahalarsa.

Ba da jini aiki ne mai lada kuma cibiyar ƙarin jini kullum tana nema, musamman da damina lokacin zazzaɓin sauro, sai dai sai mai shekara 18 da nauyin kilo 50, don haka yawancin yaranku ba za su bayar ba. Su yi shela, su jera kujeru, su raba abin sha, ku manya ku miƙa hannu. In ziyarar asibiti ce ku nemi izinin hukumar wurin, ku shiga kaɗan-kaɗan, waya a aljihu. Mara lafiya da mabuƙaci ba kayan hoto ba ne, wannan ku koya wa yaran da aikinku.

Mataki na bakwai, kuɗi

Ba a biyan ɗalibi kuɗin zama, ku faɗa tun ranar farko. Wasu za su tambaya don an saba musu da ambulan a wasu tarurruka, ku yi musu bayani da fara'a cewa wannan gayya ce. Amma kuma kar yaro ya ci bashi don ya taimake ku, wanda gidansa ke nesa a biya masa kabu-kabu, a ci abinci tare, ƙosai da kunu da safe ko shinkafa da wake in an tashi, ku zauna a tabarma ɗaya da su ba ku a kujera su a ƙasa ba. Kayan aiki yawanci aro ne, a rubuta sunan mai shi da alli ko fenti a ƙota, yaro ɗaya ya ƙirga su da safe ya ƙirga da tashi. Duk dalar da ta fita mai kaye ya rubuta, ko dala ashirin ce ta reza, ranar ƙarshe ya tashi ya karanta a gaban kowa har da wakilin iyaye. Yaron da ya taɓa karanta lissafin jaka hamsin a bainar jama'a babu ko dala da ta ɓata, ya koyi abin da ba a koyarwa a tablo.

Mataki na takwas, ranar aiki

Ku manya ku riga su zuwa da rabin awa. A kira suna, a yi addu'a, shugaban ɗalibai ne zai raba aiki ba shugaban kulob ba, kowane rukuni na yara biyar ko shida da babba ɗaya a cikinsu yana aiki da hannunsa. Jawabi kar ya wuce minti biyar, rana ba ta jira. Akwatin magani na kusa, auduga da bandeji da maganin wanke ciwo da gishirin zawo, da moto ɗaya a tsaye da wanda ya san hanyar CSI, ƙaramin asibitin unguwa, mafi kusa, in ƙarfe ya yanki yaro a wanke a kai shi a duba maganar allurar tetanus a kuma kira gidansu nan take. Duk minti arba'in a sha ruwa a inuwa. In an tashi a wanke hannu da sabulu, a sake kiran suna, ba mai tafiya sai an ga kowa, macen kulob kuma ta tabbatar kowace yarinya ta isa gida.

Mataki na tara, bayan an watse

Cikin satin ku koma ku yi wa shugaban makaranta da mai unguwa da Baba mai gadi godiya da ƙafarku, ku mayar da kayan aro a wanke. Ku zauna da yaran rabin awa ku tambaye su me ya yi me bai yi ba, za su faɗa muku gaskiya in sun ga ba ku jin haushi, mu sun taɓa ce mana mun cika zuwa a makare kuma haka ne, muka gyara. Ku buga musu takardar shaida mai sunan kowa da sa hannun shugaban makaranta da na kulob a ba su a gaban tuta ranar Litinin, ba ta da tsada amma na shiga gidaje na gan ta a jikin bango.

Sannan ku sa ranar dawowa a kaye, duk Lahadin farko ta wata mutum biyun nan naku su shiga su zagaya da shugaban ɗalibai, a ƙirga itace, a duba sakata, wanda ya mutu a rubuta dalili a maye shi da damina. Kafin a rufe makaranta a watan Yuni 'yan faramiyar da za su shiga tarminal su miƙa kaye da makullin kayan aiki ga 'yan sagond a gabanku, kowane mai itace ya kama hannun wanda zai gaje shi ya kai shi gindin itacen ya nuna masa. Namu na bayan ajujuwa 24 muka dasa a shekara ta biyu, 19 na nan, yanzu hannu na uku ke ba su ruwa, kuma kayen farko ya cika mun sayi na biyu a watan jiya.